Kafin Inna Ta Ji Ki A Rediyo

Rano, ranar Alhamis.

Zuwa ga 'yata Hauwa'u, Kulun Inna,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ki gaisuwar uwa, da fatan takardar nan ta same ki lafiya, duk da yanzu haka ina jiyo ki a ɗakinki kina kokawa da zif ɗin akwati. Allah ya tsare mini ke a hanya, ya tsare ki a masauki, ya haɗa ki da abokan aiki na gari.

Tun safe Babanki yake mini dariya. Wai a ina aka taɓa rubuta wa mutum wasiƙa alhali bango ɗaya ne a tsakani. Na ce ya ƙyale ni. Shekara ashirin da wani abu na yi ina karanta labarai a gidan rediyo a Kano, kuma abin da aikin ya bar mini ke nan: in da takarda a gabana sai in yi awa guda ban yi tuntuɓe ba, in babu kuwa sai kame-kame. Sau uku a makon nan na shigo ɗakinki da niyyar yin magana, na ɓuge da tambayarki ko kin ɗauki man shafawa.

Ranar Lahadi za ki tafi, Litinin ki fara karanta labarai a sabuwar tashar nan. Wallahi na yi murna. Ranar da takardar ɗaukarki ta zo, sai da na shige ɗaki na yi 'yar rawata ba wanda ya gani. Amma akwai abin da ya tsaya mini a rai. Kin gaya wa Innarki, yayata Delu, wadda ta riƙe ki a Tarai tun kina 'yar shekara tara, cewa aikin ofis kika samu. To, ofis ne, ba ki yi ƙarya ba. Sai dai ni da ke mun san abin da kika ɓoye, mun kuma san dalili: gidan Inna ba a kunna rediyo. Roƙona a wannan takarda guda ɗaya ne. Ki je Tarai ranar Asabar ki gaya mata da bakinki, kafin muryarki ta tsallako katangar maƙwabta ta gaya mata. Duk abin da zan rubuta daga nan, don ki san abin da ya sa na nace ne.

Bari in fara da ƙananan laifuffukana, su suka fi daɗin faɗa. A makona na farko na ci soyayyiyar gyaɗa kafin in shiga ɗakin karanta labarai. Jar fitilar fara shiri ta kama, na yi sallama, na kai tsakiyar sunan wani babban mutum, sai gyaɗa ta sarƙe ni. Tari ya turnuƙe ni, jihar Kano kaf tana saurare. Don haka ruwan ɗumi kawai kafin labarai, ke da kike son dakuwa kamar me.

Na biyu, kaina ya kumbura. Da aka fara gane muryata a kasuwa, sai na sauya harshe, ina jan magana ta hanci, ina sirka ta da Turanci. Na zo hutu gidanmu a Kibiya ina wannan iyayi, Baba, Allah ya jiƙansa, ya saurare ni tsaf, sannan ya dubi Yaya ya ce, "Delu, wannan baƙuwar daga wace ƙasa? A kawo mata ruwa mana." Kunya ta kusa kashe ni. Daga ranar na koyi abin da nake so ki riƙe. In kin zauna gaban makirfo, ki manta da gwamna, ki manta da shugaban tasha. Ki ɗauki mutum ɗaya a ranki, wanda hannunsa yake cikin aiki, kunnensa yana gare ki, ki karanta masa. Ni nawa mutum ɗayan Yaya ce.

Kin san ita ta raine ni, don ban wayi gari da uwa ba. Ita ta yi mini kitso, ita ta tsaya gaban Baba har ya yarda na wuce makarantar 'yan mata, ita da ba ta taɓa shiga ajin boko ba. Auta take ce mini. Da na fara aiki, mijinta Malam Idi ya sayo mata 'yar rediyo, ta ɗaura mata ƙyallen atamfa ta rataye ta a reshen dalbejiyar tsakar gidan. Lokacin labaran rana in ya yi, sai ta leƙa katanga ta ce da maƙwabta, "Ku dakata da dakan nan, Auta za ta yi magana!" Kuma su dakata. Ba labarin ne ya dame ta ba sosai. In na zo, cewa take, "Ranar Talata mura kike yi ko? Na ji hancinki a toshe."

Na san kin ji rabi-rabin abin da zan faɗa a bakin matan Tarai. Yau ki ji shi cikakke daga mai laifin.

Ba a daɗe da komawa mulkin farar hula ba, da bazara, ana shirin shuka. Habu, ɗan Yaya tilo namiji, ya ɗauko buhunan albasa da safe zai kai Kano. Motarsu ta yi karo a hanya. Wakilinmu ya bugo waya daga asibiti da sunayen waɗanda suka rasu, aka buga a takarda, aka miƙo mini saura 'yan mintuna in shiga. Ina dubawa na ga sunan Habu, da na ubansa, da Tarai. Yaron da na goya, Kulu. Yaron da ya yi mini fitsari a zanen salla.

Editanmu, Malam Ɗanjuma, dattijo ne mai lura. Ya dube ni ya ce, "Asabe, lafiya?"

Na ce, "Ɗan yayata ne."

Ya ce, "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ajiye takardar, tashi ki tafi gida. Wani zai karanta, sunayen kuma a bar su sai yamma."

Na ce, "A'a, Malam. Labari ya zo, labari za a karanta."

Ya sake cewa in tafi. Na ce zan iya.

Na daɗe ina tambayar kaina me ya shiga kaina. Ba zan yi miki kwana-kwana ba. A lokacin akwai maza a ɗakin labarai da suke cewa mace ba ta iya karanta babban labari, wai da an ambaci mutuwa sai ta hau shessheƙa. Na yi shekaru ina nuna musu ba haka ba ne, har ana yi mini kirari da mai muryar ƙarfe, ni kuma ina jin daɗin kirarin. Sannan na ce wa raina ai tun safe abin ya faru, yanzu kam an riga an kai musu labari. Ban tambaya ba, ba ni kuma da hanyar tambaya, don a lokacin ba wayar hannu a Tarai. Akwai dalili na uku wanda sai daga baya na gane. Gani nake in na karanta shi a takarda, cikin jerin sunaye, to mutuwar wasu ce, ba tamu ba. Na shiga, jar fitila ta kama, na karanta sunayen ɗaya bayan ɗaya, na wuce zuwa labarin takin zamani. Ko numfashi ban ja ba.

Kin tashi a ƙauye, kin san yadda ake kai labarin mutuwa a wurinmu. Ba a jefa shi ta kan katanga. Ana neman dattawa, su nemi maigida, a shimfiɗa tabarma, a gaisa, a yi maganar ikon Allah har mutum ya fara shirya zuciyarsa, sannan a faɗa. Uwa kuwa, tsohuwa ake turawa ta shiga ta zauna kusa da ita, ta riƙe ta. Haka mutanen Tarai suke kan yi ranar. Wani direba ya kawo labari ga liman, liman ya aika gona aka kirawo Malam Idi, suka gaya masa a zaure, suka aika a ɗauko tsohuwar da za ta shiga wurin Yaya. Suna zaune suna jiran tsohuwar nan, taku kaɗan tsakaninsu da tsakar gida, na riga su. Yaya tana ƙarƙashin dalbejiya ita kaɗai tana ɓare gyaɗar iri, ta riga ta tsayar da dakan maƙwabta. Ba kowa kusa da ita da zai tare ta, ta faɗi a kan ƙwaryar gyaɗar.

Na isa Tarai bayan la'asar, an riga an kai shi. Na kutsa cikin mata na durƙusa a gabanta. Ba ta zage ni ba, ba ta ɗaga murya ba. Ta dube ni ta ce, "Auta, ko muryarki ba ta yi rawa ba." Shi ke nan abin da ta faɗa. Rabon da in ji Auta a bakinta ke nan. Daga ranar Hajiya take ce mini. Muna gaisawa, muna haɗuwa a suna da biki, tana aiko mini da daddawa duk kaka, amma, "A gaishe da Hajiya." Ke kin sha kawo mini wannan gaisuwar.

To ga nasihata, ki rubuta ta a bangon zuciyarki. Kada ki karanta sunan mamaci sai kin tabbata an shimfiɗa tabarma a gidansu. Ku zamaninku ya fi namu haɗari, kowa da waya a hannu, kowace tasha tana son a ce ita ta fara faɗa. Za a ce miki wasu sun riga sun watsa. Su watsa. Ki ce an yi haɗari a hanya kaza, ki bar sunaye. In babba ya ce ki ajiye takarda ki tafi gida, ki ajiye ki tafi, ba raini ba ne. Kuma in wata rana muryarki ta karye a kan labari, kada ki ji kunya. Ni tawa ba ta karye ba, ga abin da ta jawo mini.

Babban kuskure na biyu ya shafe ki, shi ya sa ya fi yi mini wuyar rubutawa. Bayan sadakar arba'in ya kamata in koma Tarai in zauna gaban Yaya in ce na yi laifi, ta yafe mini. Na kasa. Kullum sai in ce sai ta ɗan huce. Da na ga gidanta ya yi shiru, 'yan matanta duk sun yi aure, sai na ce da Babanki mu ba ta ke ta riƙe. Mutane suka yi ta sa mini albarka, wai na yi zumunci. Eh, akwai zumunci a ciki. Amma gaskiyar magana, aika ki na yi maimakon in je. Kina 'yar shekara tara, da 'yar jakarki ta makaranta, kika yi ta waiwaye har mota ta sha kwana. Allah ya taimake ni Yaya ta so ki fiye da yadda na zata, ke ma kika so ta, kika zama Kulun Inna. Alherin Allah ne wannan, ba dabarata ba. Ki yafe mini, 'yata. Kuma ki koya daga nan: in kin ɓata wa mutum, ki je da ƙafarki. Kada ki aika da turmin atamfa, kada ki aika da ɗan aike, ko da ɗan aiken nan ɗanki ne.

Na uku shi ne littafi. Kin san ban da karatun labarai na yi rubuce-rubuce, kuma na san ke ma kina yi, na ga littafin rubutun da kike turawa ƙarƙashin katifa. Kada ki damu, ban karanta ba. To, shafi biyu kawai, kuma hannunki ya fi nawa. Shekarun nan da aka ƙaddamar da shari'a, aka sa wa marubuta ido, kowa yana neman labari mai wa'azi wanda ba za a ce ya ɓata tarbiyya ba. Ni kuma abin nan yana cina. Sai na zauna na rubuta labarin wata uwa da ta ji mutuwar ɗanta a rediyo. A raina ban haƙuri nake yi. Na sauya sunaye, na sauya gari, amma na bar dalbejiya, na bar ƙyallen atamfa, na bar ƙwaryar gyaɗa, don sun yi mini kyau a takarda. Babanki ya karanta ya ce, "Asabe, kin tambayi mai labarin?" Na ce ai ƙagagge ne. Ya ce, "To," ya ajiye.

Da a nan na tsaya da sauƙi. Sai na ga labarin yana son gishiri. Na ƙara cewa da safen ranar yaron ya yi wa uwarsa tsawa a kan ta hana shi tafiya, ya fita ba sallama, don masu karatu su ɗauki darasin biyayya ga iyaye. Littafin ya karɓu, aka karanta shi a rediyo kashi-kashi, 'yan mata suka kai shi har makarantar matan aure ta Tarai. Wa zai ga dalbejiya da ƙyallen atamfa bai gane ba? Tun da sun ga wannan gaskiya ne, sai suka ɗauka sauran ma gaskiya ne. Wata mata ta je har gida ta ce wa Yaya, "Ashe da fushinki Habu ya tafi? Ki yafe masa, baiwar Allah."

Ke kika kawo mini amsar, kina sakandare, kin zo hutu. Kina cire hijabi kika ce, "Mama, Inna ta ce a gaya wa Hajiya, wai ba su yi faɗa ba. Wai koko ya sha, ya ce ta ajiye masa tuwonsa zai dawo da wuri." Kika wuce kicin neman abinci, ba ki san abin da kika sauke ba. Na hana a sake buga littafin, amma wanda ya shiga hannu ya shiga. Har yau akwai masu cewa Habu da fushin uwarsa ya mutu, kuma ni na ɗora masa, yana kwance ba shi da bakin karewa.

Ki yi rubutu, Kulu, ban hana ki ba, jininki ne. Ki ƙagi mutanenki daga kai har ƙafa, ki sa su yi duk abin da kika ga dama. Amma in labarin na wani ne mai rai, ki tambaye shi. In na mamaci ne, ki ji tsoron Allah. Kuma littafi ba ya neman gafara a madadin mai shi, na gwada.

Yanzu mu dawo kan Asabar. Na san abin da kike tsoro. Kina tsoron ta ce ba ta yarda ba, ko ta yi miki shirun nan nata da ya fi duka ciwo. Zai iya yiwuwa, ba zan yi miki alkawarin abin da ba a hannuna yake ba. Amma Inna ba makauniya ba ce. Ita ta raine ki, ke yarinyar da take tsayawa a kan turmi tana karanta wa awaki labarai daga takardar ƙunshin ƙosai. Kina zaton ba ta san inda kike zuwa ba duk lokacin da kika ce za ki aro rariya a maƙwabta, daidai lokacin labaran rana? Ta sani, ta ƙyale ki. A ganina aikin za ta iya haɗiye shi. Abin da ba za ta iya haɗiyewa ba shi ne a ce ranar Litinin tana tsakar gida, ta jiyo muryar Kulunta ta kan katanga, ko wata ta leƙo ta ce, "Delu, ashe 'yarki ma ta shiga rediyo?" Sau biyu ana yi mata haka, duka biyun ni ce. In aka yi na uku, ina tsoron ranar da za ki je hutu ta ce miki, "Sannu da zuwa, Malama Hauwa'u." Ni na san yadda wannan yake a kunne, ba na so ki sani.

Ki same ta da hantsi, bayan ta gama da awaki. Ki shimfiɗa tabarma da kanki, ki gaishe ta, kada ki yi gaggawa. Ki faɗa mata sunan aikin ƙarara, ki gaya mata lokacin da za ki riƙa karantawa. Ki nemi albarkarta. In ta yi shiru ki zauna cikin shirun, kada ki cika shi da surutu irin na uwarki.

Babanki ya ce zai kai mu a motarsa. Eh, mu. Da na fara wannan takarda niyyata in aike ki ke kaɗai, sai da na kai wurin da na rubuta cewa mutum ya je da ƙafarsa, na ajiye biro na daɗe ina kallon bango. Ashe aike na biyu nake shirin yi da ke. Don haka ni zan fara shiga, ni zan fara magana, ke ki biyo baya. Zan gaya mata abin da ya kamata in faɗa tun kina 'yar shekara tara, in kuma gaya mata zan bi gidajen Tarai in faɗa da bakina cewa Habu lafiya ya rabu da uwarsa. Ba zan riƙe takarda ba. Ban san yadda za ta fito ba, wataƙila in yi ta kame-kamen nan nawa. In kika ji muryata tana rawa, kada ki miƙo mini ruwa, kada ki ce in yi haƙuri. Ki bar ta ta yi.

Allah ya yi miki albarka, Kulu. Ya tsare harshenki da alƙalaminki, ya kare ki daga sharrin hanya da sharrin gari, ya sa duk wanda ya ji muryarki ya ji alheri. Allah ya jiƙan Habu da iyayenmu, ya sanyaya zuciyar Yaya, ya kai mu Asabar lafiya. Ki ɗauki man shafawar dai, na sa miki a aljihun akwati na gefe.

Wassalam.

Mahaifiyarki,
wadda a gidanmu ake ce wa Auta.